Kujerar da Kirista Ya Hau Ta Waye?

A Bauchi, da zarar an naɗa Kirista kwamishina ko babban sakatare, majami'arsa takan cika ranar godiya, daga nan kuma sai takardu su fara sallama a ƙofar gidansa: ɗan wane ya gama bautar ƙasa ba aiki, ginin coci ya tsaya a linta, zumuntar mata na neman mota. Abin da ake faɗa a Yelwa da Bayara shi ne "namu ya samu." Na fahimci daɗin wannan magana a bakin mutanen da suka daɗe suna ganin an bar su a baya, amma ina ganin tana ƙuntata muƙami, ta kuma saɓa wa abin da ake karanta mana kowace Lahadi.

A dubi Yusufu. Da ya zama na biyun Fir'auna, hatsin da ya tara shekara bakwai Masarawa ne suka fara cinsa, mutanen da ba su san Allahnsa ba, a ƙasar da aka sayar da shi bawa aka kuma jefa shi kurkuku. 'Yan'uwansa daga baya suka zo, da buhunansu kamar kowa. Wasiƙar Bitrus ta fari ta ɗauki kowace baiwa a matsayin ajiya da aka ba mutum domin ya yi wa wasu hidima, Yesu kuwa da ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa, bai tsallake na Yahuza ba.

Arewa ta ga wannan da idonta. Tun 1937 mishan ɗin SIM ya karɓi kula da kutare a Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa ta Sakkwato, a nan Bauchi kuma aka yi irin wannan aiki a Bayara. Wani zai ce ai neman masu tuba suke yi. Gaskiya ne, ba su ma ɓoye ba, shi ya sa sarakuna suka sa musu ido. Sai dai gyambon da aka wanke ya wanku, kuma majinyata da yawa sun koma garuruwansu da addinin da suka zo da shi. Haka Farfesa Ishaya Audu, ɗan Najeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975: ya yi ministan harkokin waje, amma ƙarshen rayuwarsa a Samaru ya yi shi yana duba marasa lafiya, har ya rasu a 2005.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta masu cewa, in namu bai duba mu ba, wa zai duba mu? Ba zan yi mata kallon raini ba. Wanda ya ga rikicin Tafawa Balewa na 1991, ya ga an ɗauke hedikwatar ƙaramar hukumar zuwa Bununu, ya ji shekarun da Sayawa suka yi suna neman masarautarsu, yana da dalilin tsoro. Amma neman haƙƙin al'ummar da aka danne daban, raba kujerun aiki ga 'yan cocinku daban. Na farko adalci ne, kuma wajibi ne mai muƙami ya tsaya a kansa ko zai rasa kujerar. Na biyu shi ne ainihin abin da muke kuka da shi in wasu suka yi mana. Yakubu Dogara, ɗan Bogoro, ya yi kakakin majalisar wakilai daga 2015 zuwa 2019. Ko mene ne ra'ayin mutum kan siyasarsa, ƙudurin kafa hukumar raya Arewa maso Gabas da ya ɗauki nauyinsa, aka sa masa hannu a 2017, an yi shi ne domin jihohi shida da Boko Haram ta ɗaiɗaita, akasarin mutanensu Musulmi. Irin aikin da ya kamata coci ta riƙa tambayar 'ya'yanta ke nan.

Kuma kada a ɗauka sai manya. Akawun da fayil ɗin fanshon tsohon malamin firamare ke kan teburinsa a sakatariya, da ma'aikaciyar jinyar da ke aikin dare a asibitin koyarwa na Abubakar Tafawa Balewa, kowannensu na riƙe da ikon da zai iya sa talaka ya kwana da kuka. Tsohon nan ya hau mota daga Ningi ko Misau da kuɗin aro, bai san kowa a ofishin ba, kuma sa hannu ɗaya kawai yake jira.