An Gano Cutar Layim, Sai Kuma Ƙofar Wane Likita?



Galibinmu mun ɗauka da zarar an gano sunan ciwo, rabin wahala ta ƙare. A kan cutar Layim, wadda kaska ke yaɗawa a Amurka da Turai, sau da yawa a nan ne ma ruɗani ke farawa. Marar lafiya zai buɗe intanet ya tarar da ɓangarori biyu na likitoci suna jifan juna. Waɗannan su ce maganin mako biyu ya wadatar, waɗancan su ce sai an shafe watanni ana ɗura masa magani ta jijiya. Ra'ayinmu shi ne wanda aka tabbatar masa da cutar ya fara magani nan take a hannun likitan da ke kusa da shi, kada ya ɓata makonni yana neman wani gwani na musamman. Amma likitocin su ma akwai laifin da za mu ɗora musu.

Cutar ta samo sunanta daga garin Layim na jihar Konetikat. A 1975 iyaye mata a yankin, ciki har da Polly Murray, suka kai kuka ga hukumomin lafiya cewa yara da dama na fama da kumburin gaɓoɓi ba gaira ba dalili. Dakta Allen Steere na Jami'ar Yale ya bi diddigin lamarin, kuma a 1982 Willy Burgdorfer ya wallafa cewa ya gano ƙwayar cutar a cikin kaska. A yau hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 476,000 ake yi wa maganin cutar duk shekara a ƙasar. Kaskar da ta fi yaɗa ta ƙarama ce ainun, ba ta kai ƙwayar riɗi ba, shi ya sa mutane da yawa ba sa ma tuna an cije su. Yawanci sai ta wuce kwana guda maƙale a jiki kafin ta zuba cutar.

Wani zai ce ina ruwanmu da ciwon Turawa? Ruwanmu shi ne cutar ta fi ƙamari a arewa maso gabashin Amurka, jihohi irin su Niyu Yok, Niyu Jasi, Fensilbeniya da Merilan, inda 'yan uwanmu ɗalibai da ma'aikata da 'yan kasuwa suke zaune da iyalansu. Sannan akwai batun launin fata. Babbar alamar farko wani tabo ne mai faɗaɗa a hankali, wanda kan fito tsakanin kwana 3 zuwa 30 bayan cizo, a jikin kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na masu cutar. A farar fata ja ne jawur. A baƙar fata kuwa yakan yi duhu kamar wurin da jini ya kwanta, har likita ya duba bai gane ba. Bincike a Amurka ya nuna baƙar fata sun fi zuwa a gano cutarsu a makare, bayan ta taɓa gaɓoɓi ko jijiyoyi. Wanda aka riga aka makara a kansa, ba shi da sauran kwanakin ɓatawa.

Maganin kansa sananne ne, kuma ba shi da tsada. Ƙa'idar da manyan ƙungiyoyin likitocin Amurka uku suka fitar a 2020 ta ce a matakin farko a sha doksisayikilin na kwana 10, ko amoksisilin na kwana 14. Mai juna biyu akan ba ta amoksisilin. Idan gwiwa ta kumbura, kwana 28 ne. Idan cutar ta kai ga jijiyoyin ƙwaƙwalwa ko ta rikita bugun zuciya, kwana 14 zuwa 21, a wasu lokutan ta hanyar allurar jijiya a asibiti. A Ingila ƙa'idarsu ta 2018 ta tsawaita doksisayikilin zuwa kwana 21. Duk wannan likitan iyali ko na asibitin unguwa zai iya rubutawa. Idan tabon ya fito sarai a yankin da aka san cutar, ba a ma jiran gwajin jini, domin gwajin yana neman martanin garkuwar jiki ne, shi kuwa sai bayan makonni yake bayyana. Mafi yawan waɗanda suka sha magani da wuri sukan warke sarai. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Ƙwararre kuwa sai in zuciya ta fara tsalle, ko numfashi ya yi wuya, ko baki ya karkace, ko wuya ya sanƙare da ciwon kai mai tsanani. Wannan aikin asibitin gaggawa ne, ba na jiran layi ba.

To daga ina rigimar ta taso? Daga waɗanda suka gama magani amma jiki bai dawo daidai ba. Ba su ne mafi rinjaye ba, amma suna nan, kuma ciwonsu ba ƙarya ba ne: kasala mai kwantar da mutum, ciwon gaɓoɓi, mantuwa, har na tsawon watanni. Irin wannan mutum zai koma wurin likitansa, a duba takardu a ce masa ai ka warke, ƙila damuwa ce. Ya fito da ciwonsa, ya ƙara da takaicin an mai da shi maƙaryaci. A bakin ƙofa kuma ga wasu asibitoci masu kiran kansu masanan Layim, da za su zauna da shi awa guda suna saurare, su ce masa ƙwayar cutar ce ta ɓuya, sai an yi watanni ana yaƙarta. Da yawansu ba sa karɓar inshora, daga aljihu ake biya. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Sai dai an gwada wannan hanya, ba sau ɗaya ba. A 2001 an wallafa sakamakon gwaji a Amurka inda aka ba masu irin wannan ciwo maganin kashe ƙwayoyin cuta na kwana 90, aka kwatanta su da waɗanda aka ba maganin bogi, ba a ga bambanci ba. A 2016 wani gwaji a Holan, na ƙarin mako 12, ya ba da amsa iri ɗaya. Illar kuwa a bayyane take. A 2017 CDC ta ba da rahoton mutum biyar da suka gamu da munanan cututtuka sanadiyyar irin wannan doguwar jinya, wasunsu ta robar da aka dasa musu a jijiya, har da rasa rai. Rigimar ta kai ga siyasa: a 2006 babban lauyan jihar Konetikat, Richard Blumenthal, ya buɗe bincike kan ƙungiyar likitocin da ta tsara ƙa'idar maganin, amma kwamitin da ya sake duba ta a 2010 bai rushe ta ba. Akwai kuma wata asarar da ba a cika faɗa ba. Mutumin da aka liƙa wa Layim shekara da shekaru, ƙila wani ciwo ne daban ke cin sa, wanda da an duba da an kama shi da wuri.

A nan ne muke ɗora wa likitocin asibiti nasu laifin. Hujja tana hannunsu, amma hujja ba ta maye gurbin saurare. Tarihin cutar nan kansa ya isa darasi, domin da ba a saurari iyaye matan garin Layim ba, da an daɗe ba a gano ta ba. Likitan da ya sallami mai ciwo da kalmar "babu komai", shi ne ya tura shi kasuwar masu tsawwala kuɗi. Abin da ya dace ya ce shi ne: ƙarin maganin kashe ƙwayoyin cuta ba zai taimake ka ba, amma ciwonka gaskiya ne, zo mu duba sauran abubuwa, mu yi maganin rashin barci da raɗaɗi, ka dawo bayan wata guda. Da yawa daga cikin irin waɗannan marasa lafiya sukan samu sauƙi a hankali, in sun samu mai tafiya tare da su.

Saboda haka in ɗan uwa ya bugo waya daga can ya ce an gano masa Layim, ga abin da za mu faɗa masa. Ya ɗauki hoton tabon kafin ya ɓace, ya rubuta ranar da ya fara jin ciwo da wuraren da ya shiga daji ko ciyawa. Ya sha doksisayikilin da ruwa mai yawa, kada ya kwanta nan take, kada ya haɗa shi da madara ko ƙwayar ƙarin jini a lokaci guda, ya kuma rage shiga rana. In zazzaɓi mai zafi ya ƙi sauka bayan kwana biyu yana shan magani, ya koma ya nemi a duba babesiya, wata cuta da kaskar nan ke ɗauke da ita, mai shiga jini kamar zazzaɓin cizon sauro, wadda doksisayikilin ba ya kashewa. Kada ya tsorata in gwajin jini ya ci gaba da nuna alama bayan ya gama magani, domin alamar kan daɗe shekaru a jinin wanda ya warke. Duk likitan da ya ɗora masa jinya marar ranar ƙarewa, ya tambaye shi tambaya uku: wane gwaji ya nuna wannan yana aiki, mene ne haɗarinsa, kuma yaushe za a tsaya?

Likitan kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, zama yake ya amsa su ɗaya bayan ɗaya. Shi za mu nema wa namu, ko da ofishinsa ƙarami ne a bayan layi.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi. Sai mako mai zuwa.