Mudun da Hukuma Ke Auna Mutanen Bakin Iyaka

Ga wata mas'ala da ta kamata a tsaya a kanta.

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwar Jibiya ran Lahadi ya san ciniki ba ya ƙulluwa sai an yarda da mudu. In mudun ya lotsa, kome gaskiyar mai ƙirga, awon ƙarya ne. To, Hukuma ma tana da mudunta, watau ma'aikatan bincike da ƙididdiga, waɗanda ke auna yawan masu aiki da marasa aiki, da halin gidaje, da abin da magidanci ke ɓatarwa wajen mai da wuta. Bisa awonsu ne a ke yanke shawarar da ke faɗo wa talaka a ka. Aiki ne mai daraja, ba mai hankalin da zai raina shi. Abin tambaya kaɗai, da wane mudu a ke auna mutanen Daddara da sauran garuruwan bakin iyaka?

A dubi maganar aiki. Ofishin Ƙididdiga na Ƙasa ya ce a ƙarshen shekarar 2020, cikin kowane mutum 100 masu ƙarfin aiki 33 ba su da aikin yi. A watan Agusta 2023 kuma ya fito da sabon lissafi, ya ce 4 ne cikin 100. Ba masaƙu aka buɗe tsakanin lissafin biyu ba, mudun aka sake. Da can wanda bai kai awa 20 yana aiki a mako ba cikin marasa aiki a ke sa shi. A sabon awo, wanda ya yi aikin awa ɗaya tak a mako ya shiga sahun ma'aikata. Suna da hujjarsu, gama haka Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tsara, domin a iya gwada ƙasa da ƙasa. Amma ɗan dakon da ya wuni shida a Magama yana jiran mota, ya sami buhu biyar ya sauke a rana ta bakwai, a takarda mai aiki ne, alhali gidansa ba a ɗora tukunya ba. Mudun da ke gwada Nijeriya da Gana ba shi zai faɗi ko yaran wannan mutum sun ci tuwon dare ba.

Dalilin jiran ɗan dakon kuwa ba ɓoyayye ba ne. A watan Agusta 2019 Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa saboda fasa-ƙwaurin shinkafa da mai da makamai. Ba a musun fasa-ƙwauri. Kowa ya san hanyoyin daji, ya kuma san masu binsu. Sai dai da aka buɗe Illela da Maigatari da Seme da Mfum a Disamba 2020, an bar Jibiya a kulle har Afrilu 2022, shekara biyu da wata takwas ke nan. A Nuwamba 2019 kuma Hukumar Kwastan ta hana kai mai ga gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Wanda ya rubuta wannan umarni tankar ɗan fasa-ƙwauri ya hango. Bai hango mai injin niƙa ba, bai hango mai noman rani da ke ba albasarsa ruwa da inji ba, ko ɗan acaɓa, ko motar da za ta ɗauki mai naƙuda zuwa Katsina cikin dare. Su duka suka koma sayen galan hannun 'yan bumburutu, a kuɗin da ya fi na birni nesa. Aka hori mai laifi, sandar ta sauka kan maƙwabcinsa.

Ba a gama farfaɗowa ba sai ga 2023. Ran 29 ga Mayu aka janye tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Ran 26 ga Yuli soja suka karɓi mulki a Yamai, aka sake rufe iyaka, aka yanke wutar lantarkin da Nijeriya ke ba Nijar, wadda a lokacin ita ce kamar kashi 70 cikin 100 na wutarsu, har zuwa Maris 2024. Masu yanke shawara ƙasa biyu su ke gani a taswira. Mutumin Daddara gida ɗaya ya ke gani. Maraɗi dai sarakunan Katsina na dā ne suka kafa ta bayan jihadi, shi ya sa mai sarautarta Sarkin Katsina a ke ce masa. Layin da ya raba ta da Jibiya Turawan Ingila da Faransa suka ja shi a farkon ƙarni na 20. Telan da kekensa ya tsaya a Maraɗi don rashin wuta, wataƙila ɗan ƙanwar wani dattijo ne a Daddara, shi ne kuma ke aiko masa da ɗan abin cefane.

Abin da ya fi ciwo, sanin nan ba mai wuyar samu ba ne. Dattawa suna tune da zamanin En'e, sa'ad da mai unguwa da dagaci da hakimi ke ƙirga kowane baligi da kowace saniya shekara shekara saboda haraji da jangali, kafin gwamnatin Balarabe Musa ta soke su a tsohuwar Jihar Kaduna cikin 1979. Ba mai kewar wannan zamani, gama an sha wuya. Amma fa lokacin da a ke karɓa daga hannun talaka ba a taɓa ɓata lissafinsa ba. Yau ƙidayar mutane da gidaje ta ƙarshe da aka yi ta 2006 ce, wadda aka shirya a 2023 aka ɗaga ta. Tun daga nan ambaliyar Yuli 2018 ta kashe mutum fiye da 40 a Jibiya, ta rushe ɗaruruwan gidaje, 'yan bindiga kuma sun tashi ƙauyuka, mutanensu sun cunkusu a ɗakunan dangi. Gidan da aka rubuta da mutum takwas, in ya ƙunshi ashirin, da wane lissafi za a raba masa taki ko tallafi?

Saboda haka wajibi ne bincike ya riga umarni. Kafin a rufe ƙofa ko a hana kaya, a aiko masu ƙididdiga su kwana bakwai a Daddara da Magama, su zauna da sarkin kasuwa da shugabannin direbobi, da mata masu ƙuli-ƙuli da fura ta bakin mazansu ko ta hannun mata ma'aikata, da malaman allo, waɗanda su ne ke fara ganin alamar yunwa in iyaye sun daina kawo kuɗin Laraba. In an gama, a karanta sakamakon da Hausa a gaban waɗanda aka auna, su ce i ko a'a. Fatake su ma da nasu nauyi: wanda ya ɓoye gaskiyar cinikinsa don tsoron haraji, shi ya lotsa mudun da hannunsa.

Ga kuma wurin gwaji a kusa. A Fabrairu 2021 aka aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Jirgi ɗaya na jan kayan manyan motoci da yawa. Ya kamata tun yanzu a ƙirga direbobi da ƙarnukan mota da 'yan dako da masu tuwo-tuwo da ke cin abinci a kan titin Katsina zuwa Jibiya, a san nawa tasha za ta ɗauka, nawa kuma za su rasa abin yi.