Kafin ka koma Kaoje da zama

Wani abokina ya ce zai tattara ya koma Kaoje, ya noma abincinsa, ya huta da tsadar Birnin Kebbi. Ban ga laifinsa ba. Ƙasar na ba da dawa da masara, ga kaɗanya a daji, ga nonon Fulani ƙwarya-ƙwarya da hantsi. Ni dai a ganina hatsi ne mai sauƙin. Wahalar tana wani wajen, don yankin na kusa da iyakar ƙasa. A Agustan 2019 gwamnati ta rufe iyakar, a Nuwamba kuma ta hana kai fetur cikin kilomita 20 daga bakinta. Rumbu cike, babur ba mai, mai naƙuda na jiran a kai ta Bagudo cikin dare. Na ce masa kafin ya biya kuɗin gona, ya je da damina ya ga hanyar, ya leƙa rijiyar kuma a watan Afrilu.