Rage Ƙwaƙwalwar Kwamfutar Wasiƙu: A Auna Tukuna

Tun da darajar Naira ta faɗi a shekarar 2023, ofisoshin da ke hayar babbar kwamfuta a ƙasashen waje don karɓar wasiƙunsu na imel suka shiga neman inda za su tsuke bakin aljihu. Da yake da dala ake biya, kuɗin hayar kuma yana hawa ne gwargwadon ƙwaƙwalwar da aka ɗora wa na'urar, sai ido ya faɗa kanta. Ƙwaƙwalwar da ake nufi ita ce wadda na'ura ke shimfiɗa aiki a kanta sa'ad da take yinsa, ba faifan ajiya ba.

Ragewar ba laifi ba ce. Postfix, watau manhajar karɓa da raba wasiƙu wadda Wietse Venema ya fitar a 1998, cinta kaɗan ne. Babban maciyin shi ne mai gadi, ClamAV, wanda ke binciken kowace wasiƙa ko tana ɗauke da cutar kwamfuta. Yakan kwashe jerin alamomin cututtuka, miliyoyinsu, ya jibge a ƙwaƙwalwa, ya cinye fiye da gigabait 1. In sabon jeri ya iso kuwa, yakan riƙe tsoho da sabo tare na ɗan lokaci, cin nasa ya kusan ninka biyu.

To, a nan ake yin ɓarna. Sai ma'aikaci ya duba na'ura da tsakar dare, ya ga fili fetal, ya yanke rabi don ya faranta wa mai gida rai. Ran Litinin da hantsi wasiƙu su yi cincirindo, sabon jeri ya faɗo a kai. Tsarin Linux ya fara sauke kaya bisa faifai, aiki ya koma tafiyar hawainiya. In abin ya ci tura, sai ya kashe manhajar da ta fi ci, sau da yawa kuwa mai gadin ne.

Daga nan ɗayan biyu, gwargwadon yadda aka tsara: ko wasiƙu su shige ba bincike, ko a dakatar da su a ƙofa. Kwamfutar mai aikowa takan yi ta sake gwadawa har kwana 4 ko 5 kafin ta mayar wa mai ita. Takardar neman kwangilar da za a rufe ran Laraba ba ta da wannan haƙuri.

Saboda haka a yi awon a ranakun da aiki ya fi tsanani, mako guda cur, a tabbata ya haɗa da sa'ar da mai gadi ke sauya jerinsa.