Mudun Kanada Ba Ya Jin Magiya: Ɗan Uwa Ya Yi Lissafi Kafin Ya Sayar Da Gona



Babu maganar da ta kama bakin matasa a 'yan shekarun nan kamar maganar fita waje. A teburin mai shayi ita ake yi, a inuwar 'yan acaɓa ita ake yi, kai hatta a ƙofar masallaci bayan an sallame, da wuya a watse wani bai kawo labarin wane da ya samu takardar zama ta dindindin a Kanada ba. Ba a ga laifin kowa ba, domin wanda ya gama karatu, ya yi hidimar ƙasa, sannan ya shekara biyar yana yawo da takardu a ambulan, dole ya ɗaga kai ya dubi wani wuri. Fita neman halal kuma ba sabon abu ba ne a wurin Bahaushe, kakanni sun yi fataucin goro har Gwanja, wasu sun kama hanyar Makka da ƙafa suka zauna a Sudan. Abin takaicin shi ne yadda ake cinye dukiyar 'yan uwa da sunan wannan takarda, a sayar da gonar gado, a sayar da babur, a karɓi sarƙar uwa, alhali lissafin minti goma ya isa ya nuna wa mutum ko yana da rabo a wannan hanya ko ba shi da shi.

To, mene ne ainihin wannan tsari? A shekarar 1967 ne Kanada ta fito da tsarin auna masu son shiga ƙasarta da maki, bayan ta daɗe tana fifita Turawa farar fata a kan sauran jama'a. A watan Janairun 2015 ta mayar da shi kan intanet da sunan Express Entry. Mutum zai shigar da bayanansa, wato shekarunsa da iliminsa da ƙarfin harshensa da aikin da ya yi, na'ura ta ba shi maki daga cikin 1,200, a jefa shi cikin taron masu jira. Lokaci zuwa lokaci gwamnati sai ta ja layi, wanda makinsa ya kai a gayyace shi, a ba shi kwana 60 ya kawo hujjar duk abin da ya faɗa. Wanda bai kai ba ya ci gaba da jira, in shekara ta cika sunansa ya faɗi, sai ya sake sabon lale. Ostireliya ma irin wannan mudu take aunawa da shi, a can sai da maki 65 ake shiga layi, kuma wanda ya cika shekara 45 an rufe masa ƙofa.

Kafin ma a shiga taron masu jiran, wanda yake nema daga nan gida ta ƙofar ƙwararrun ma'aikata sai ya tsallake wani shinge. Dole ya ci maki 67 cikin 100 a wani ma'auni na farko. Dole ya nuna ya yi aƙalla shekara guda cur yana aikin ƙwarewa ana biyansa, a cikin shekaru goma da suka wuce. Dole ya zauna jarrabawar Turanci ko Faransanci, irin su IELTS ko TEF, wadda sakamakonta ke mutuwa bayan shekara biyu. Dole kuma ya aika takardun karatunsa ga wata hukuma da suka amince da ita, irin su WES, ta auna ta faɗi matsayinsu a ma'aunin Kanada.

Yanzu ɗan uwa ya ɗauko biro da takarda. A ɗauki saurayi marar aure ɗan shekara 28, mai digiri na farko, wanda ya yi shekara uku yana aiki, kuma ya yi bajinta a IELTS, ya ci 8 a sauraro da 7 a sauran ɓangarori uku. Shekarunsa za su ba shi maki 110. Digirinsa 120. Turancinsa 124. Haɗuwar ilimi da harshe da aiki ta ƙara masa 75. Jimla 429. To, a shekarar 2024, duk zagayen gama-gari da aka yi babu wanda layinsa ya sauko ƙasa da 520. Wato wannan saurayi da unguwa ke alfahari da shi, saura maki kusan ɗari ya hango ƙofa. Ko da ya ƙara digiri na biyu, 469 zai tsaya. Ina kuma ga mai takardar sakandare, wadda maki 30 kacal take ci?

Sannan mudun nan ba ya jiran kowa. Daga shekara 20 zuwa 29 ne ake samun cikakken makin shekaru. Ranar da mutum ya cika 30 zai koma 105, a 35 ya koma 77, a 40 ya koma 50, a 45 kuma babu ko ɗaya. Larabci ba ya cin maki, Hausa ba ta ci, haddar da aka kwana ana yi a tsangaya ba ta ci. Kada wannan ya sa ɗan uwa ya raina kansa ko ya raina abin da ya sani. Ma'aunin ba darajar ɗan Adam yake aunawa ba, abin da yake tambaya kawai shi ne shekara nawa wannan zai yi yana yi musu aiki yana biyan haraji kafin ya tsufa.

Wannan shi ne abin da dillalan biza ba sa son a sani. Za su buɗe ofis, su manna tutar Kanada, su ce suna da hanya, suna da mutum a ciki. Wace hanya? Wane mutum? Na'urar da ke ƙirga maki ba ta san ɗan wane ba, ba ta karɓar na goro. Shigar da suna cikin taron masu jira kyauta ne, kuma gwamnatin Kanada da kanta ta sha bayyana cewa ɗaukar wakili ba ya sa a duba takardun mutum da wani ido na musamman. Wanda doka ta yarda ya karɓi kuɗi don wakilci a wannan harka shi ne lauya mai rajista a can, ko mai ba da shawara da ke da lasisin hukumarsu, kuma ana iya duba sunansa a intanet. Abu ɗaya ne kawai dillalin bayan fage zai iya ƙara wa mutum, shi ne ƙarya.

Ƙaryar kuwa kala-kala ce. Akwai takardar shaidar aiki daga kamfanin da mutum bai taɓa taka ƙofarsa ba. Akwai rage shekaru. Akwai ɓoye mata da 'ya'ya don a ce za a fi saurin wucewa. Akwai kuɗin aro da ake zubawa a asusu na 'yan kwanaki don a buga takardar banki, a kwashe washegari. Akwai kuma sayen takardar tayin aiki, wadda cinikinta ya yi ƙamari har Kanada ta soke makin da ake bayarwa a kanta gaba ɗaya a watan Maris na 2025. Wanda duk aka ce masa a yau ya kawo miliyoyi a samo masa tayin aiki don makinsa ya ƙaru a wannan layi, to ya sani an sayar masa da iska.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. A dokar shige da fice ta Kanada, wanda aka kama ya ba da bayanin ƙarya ko ya ɓoye gaskiya, za a hana shi neman zama na shekara biyar. Cewa dillali ne ya cike fom ba ya fid da shi, tunda da sunansa aka shigar. In ma ya tsallake ya shiga, ranar da asiri ya tonu ana iya ƙwace takardar a koro shi, ko da ya yi shekaru ya tara iyali. Wanda ya ɓoye matarsa kuwa, yana iya wayar gari doka ta hana shi ɗauko ta daga baya. Wannan hukuncin mutane ke nan. Amma tun kafin a kai ga jami'in Kanada, saurayin da ya tashi a gaban malamai ya san matsayin ƙarya da shaidar zur, ya san fom ɗin da ya sa wa hannu shaida ce a kansa. Wasu na cewa ai ƙasar waɗanda ba Musulmi ba ce, yaudararsu ba komai. Wannan magana ba ta da tushe. Amana amana ce ko da wa aka ƙulla ta, kuma kowace takardar jabu da aka kama, sai ta ƙara wa masu gaskiya da ke bayan layi wahalar bincike. Yaya mutum zai gina abincin 'ya'yansa na shekara talatin a kan takardar da ya san ta bogi ce?

Sai maganar kuɗi. Ban da kuɗin jarrabawa da na tantance takardu da na gwajin lafiya da takardar 'yan sanda, a shekarar 2024 kuɗin duba takardu da na izinin zama na mutum ɗaya ya kai dalar Kanada 1,525. Sannan dole ya nuna yana da guzurin da zai riƙe kansa, wanda a 2025 ya haura dala 15,000 ga mutum ɗaya, ya haura 28,000 ga iyali mai mutum huɗu. Sharaɗi ne kuɗin ya zama nasa, ba bashi ba, kuma za a dubi yadda asusun ya kasance a watanni shida na baya. Ɗan uwa ya juya wannan zuwa naira ko sefa, sannan ya tambayi kansa ko wannan jari ba zai tsayar da shi da ƙafafunsa a garinsu ba.

Kuma ƙofar kanta ƙara tsukewa take yi. A watan Oktoban 2024 gwamnatin Kanada ta rage adadin waɗanda za ta bai wa zaman dindindin a 2025 daga 500,000 zuwa 395,000, saboda kukan da 'yan ƙasa ke yi na tsadar gidaje. Tun 2023 kuma ta koma tsintar waɗanda take so da hannu, irin su ma'aikatan lafiya, da masu sana'ar hannu, da masu jin Faransanci. A zagayen masu Faransanci an ga layi ya sauko ƙasa da 400, abin da ya sa ɗan Maraɗi ko Damagaram ko Garwa da ya yi karatu mai zurfi da Faransanci zai iya shan gaban takwaransa na Kano mai irin takardunsa. Wanda kuma wani lardi ya zaɓa da kansa, ana ƙara masa maki 600, amma lardin ma abin da kasuwarsa ke buƙata yake zaɓa.

A nan ne ya kamata mai hankali ya tsaya ya yi tunani. Wane ne ke cin ribar wannan mudu? Talakan ƙasar nan ne ya biya kuɗin da aka koyar da likita da nas da injiniya, uwa ta sayar da ƙuli-ƙuli, uba ya sayar da amfanin gona. Sai da itacen ya fara 'ya'ya, sannan mai mudu ya zo ya tsinke nunannun, ya bar wa mai gona ganye. A jerin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 na masu fama da matsanancin ƙarancin ma'aikatan lafiya, akwai Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru da Gana. Amma kafin a zagi mai tsinka, a fara tambayar shugabannin da suka bar asibiti babu magani, suka bar ma'aikaci wata da watanni babu albashi. Su ne suka buɗe ƙofar garken. Sannan wanda ya tafi ɗin ma ba a kan gadon sarauta yake sauka ba. Maki na shigar da mutum ƙasa, amma ba ya ba shi lasisin aiki. Likita sai ya sake zama jarrabawa ya nemi izinin lardi, kuma da yawa sun yi shekaru suna tuƙin tasi ko aikin sito kafin su koma ga abin da suka karanta.

Saboda haka nasiha ga ɗan uwa ita ce, kafin ya ba kowa sisin kwabo, ya shiga shafin gwamnatin Kanada, akwai ma'aunin maki kyauta, ya auna kansa da gaskiya, ya kwatanta da layin zagayen baya-bayan nan. In ya ga ya kai ko ya kusa, ya nemi shawarar iyaye da malamai, ya yi istihara, ya binciki garin da zai sauka da jama'ar da zai zauna cikinsu da inda 'ya'yansa za su yi karatu, sannan ya cike fom da hannunsa, kowane layi gaskiya. In ya tafi kuma kada ya manta da waɗanda suka yi masa ɗawainiya.

In kuwa ya ga tazarar da nisa, to ya gode wa Allah da ya gani tun gonar tana hannu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abubuwan da mudun nan ke nema, wato sana'a mai takardar shaida, da harshe na biyu, da tarihin aiki mai tsabta, da ajiya ta halal, babu ɗaya daga cikinsu da zai zama asara ga wanda bai je ko'ina ba. Saurayin da ya ƙware a walda ko wayarin ko aikin jinya, ya iya Turanci ko Faransanci a kan Larabcinsa, ya riƙe amana a wurin aiki, to ko Kanada ta kira shi ko ba ta kira shi ba, ba zai rasa masu nemansa ba. Wanda kuwa ya miƙa wa dillali gonar mahaifinsa, ga gona ta tafi, ga maki bai ƙaru ba, ga kunyar haɗa ido da 'yan uwan gado.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya buɗa wa matasa ƙofofin halal a gida da waje, Ya tsare su daga sharrin mayaudara, amin.