Rinin Kyandir Da Amanar Masu Sayar Mana Da Kaya

Yau ina so mu tattauna a kan wata sana'a da ta fara shiga gidajenmu, watau yin kyandir mai launi da ƙamshi, irin wanda ake zubawa cikin kofin gilashi a kai gudummawar biki ko a ƙawata ɗakin amarya. Abin da ya sa na ɗauko wannan magana kuwa shi ne wata asara da na jawo wa kaina, kuma na tabbata ba ni kaɗai abin ya taɓa samu ba.

Bara da na kwashi adashi, sai na sayi kakin waken suya kilo 5, da kofuna, da lagwani, da wani jan gari ƙulle a leda, wanda mai sayarwar ta ce mini rinin kyandir ne. Ƙanwar maigidana ce za ta yi aure, na kuwa ɗauki alkawarin kyandir 30 jajaye don a raba wa ƙawayen amarya. Na narka, na zuba, suka daskare gwanin sha'awa. Ban kunna ko ɗaya ba, domin ina ƙyashin ɓata guda. Bayan biki da kwana uku sai saƙo ya fara iso ni. Wannan ta ce nata ya ci minti goma ya mutu, waccan ta ce nata sai baƙin hayaƙi. Kuɗin da suka salwanta ba su dame ni kamar kunyar da na sha a gaban dangin miji ba. Da na koma wurin mai kayan, sai ta gaya mini gaskiya cewa ita ma a haka ta saro garin, masu sabulu ne suka fi saya, kuma ba ta taɓa ganin an kunna kyandir da shi ba.

To, a ganina laifin nan rabi nawa ne, rabi nata. Ni ban gwada ba, ita kuma ta sayar da abin da ba ta san amfaninsa ba. Ra'ayina shi ne, kada mace ta zuba a kyandir ɗinta abin da ba ta san sunansa ba, kuma kada ta sayar ko ta kyautar da kyandir da ba ta kunna irinsa ta gani ba. Har ila yau ina goyon bayan mu ci gaba da ciniki da ƙananan 'yan kasuwa, amma bisa sharaɗi. Bari in kawo dalilaina.

Da fari dai ya kamata mu san kakin da muke aiki da shi. Waken suyan nan da muke yin awara da shi, wanda ake nomawa a Binuwai da Kaduna da sauran wurare, shi ne asalinsa. Ana tatsar mansa, a sarrafa shi a masana'anta da iskar haidirojin har ya daskare, sa'an nan a farfasa shi ɓarɓashi kamar sassaƙen sabulu. Wani Ba'amurke mai sana'ar kyandir, Michael Richards, shi ne ya fito da shi a farkon shekarun 1990, lokacin da yake neman abin da ya fi kakin zuma araha. Kakin nan yana da laushi, irin wanda ake zubawa a kofi yana narkewa ne wajen digiri 50 a ma'aunin Salshiyas. Saboda haka ba ya tsayuwa da kansa kamar farin kyandir na kanti, wanda ake yi da kakin man fetur, sai an zuba shi cikin kofi ko gwangwani. Kuma a zafin bazara irin namu, in kika bar shi a rana ko cikin mota, za ki tarar ya yi gumi ya saki.

Abu na biyu da ya kamata a sani shi ne, kakin waken suya in ya daskare fari ne kamar madara, haske ba ya ratsa shi. Don haka kowane launi kika sa masa sai ya dusashe. Jan da kika gani wur cikin tukunya, in ya huce sai ya koma ruwan hoda. Mata da yawa su kan ɗauka an cuce su ne, sai su yi ta ƙara rini, alhali kuwa halin kakin ke nan. Dabara ita ce ki ɗiga kaɗan a kan farin tangaram, ki jira minti ɗaya ko biyu ya daskare. Launin da kika gani a tangaram shi ne kusan abin da za ki samu. Shawarata ita ce ki rungumi launuka masu sanyi, domin rini in ya yi yawa yana hana lagwani ci yadda ya kamata.

Yanzu sai maganar rinin kansa, wanda a nan ne akasari ake tuntuɓe. Kowace mace ta san ruwa da mai ba su haɗuwa. Kaki kuwa ɗan'uwan mai ne. Saboda haka kalar abinci da muke ɗiga wa cincin ko kek, da galurar rinin tufafi, duk ba su da wurin zama a kyandir, domin cikin ruwa suke narkewa. In kika ɗiga su cikin kaki sai su dunƙule su nutse ƙasa, in wuta ta kai gare su kuma su yi ta tartsatsi. Sa'an nan akwai garin launi da ba ya narkewa sam, sai dai ya watsu cikin kaki kamar ƙura. Irinsa ne na saya. Irinsa ne kuma yake cikin kalar kakin nan ta zane da 'yan makaranta suke amfani da ita, da garin ƙyalli na kwalliya. Lagwani yana zuƙo narkakken kaki ne ta 'yan ƙananan kafofin zarensa, kamar yadda lagwanin fitila yake zuƙo kananzir. In garin launi ya biyo, sai ya toshe kafofin, wuta ta rasa abinci ta mutu. Rinin kyandir na ainihi yana zuwa ne ko dai na ruwa cikin 'yar kwalba, ko kuwa daskararre kamar gutsuren alewa, kuma yana narkewa cikin mai tas.

Ga gwaji mai sauƙi da ba ya cin ko kwabo. Ki ɗuma man gyaɗa kaɗan cikin ƙaramin kofin gilashi, ki sa ɗan rinin, ki motsa, ki ajiye ya kwana. In kika wayi gari man ya rinu garau babu abin da ya kwanta a ƙasa, alama ce mai kyau. In kuwa kika ga gari ya kwanta, ko ɗigo ya dunƙule, to, ki mayar wa mai shi kayansa.

Wajen narkawa, kada ki ɗora kaki kai tsaye a kan wuta. Ki sa gwangwanin kakin cikin tukunyar ruwa mai tafasa. Ki nemi ma'aunin zafi da ƙaramin sikeli, sun fi kofunan ado muhimmanci. In zafi ya kai wajen digiri 80 zuwa 85 sai ki sa rini, ki motsa a hankali kamar minti biyu, ki ƙara man ƙamshi na kyandir wajen giram 6 zuwa 10 a kowane giram 100 na kaki. Turaren feshi mai sifirit ba na wannan aiki ba ne, yana kama wuta. Ki bari ya huce zuwa wajen digiri 55 ko 60 kafin ki zuba. Daga nan ki ajiye shi mako ɗaya ko biyu, sa'an nan ki kunna guda ki zauna ki kalle shi yana ci. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Wata rana kuma za ki ga wani fari-fari ya fito a jikin kyandir kamar furfura, musamman a kan launi mai duhu, musamman kuma da hunturu, lokacin da kaki yake saurin hucewa. Wannan ma ɗabi'ar kakin waken suya ce, ba ta hana shi ci. Kada ki tafi ki yi wa mai kaya rashin mutunci a kan furfura.

To, mu koma ga masu sayar mana da kaya. Na ji wasu mata suna cewa ƙananan 'yan kasuwan nan duk macuta ne, gara a yi odar kaya daga babban kamfani. Ban yarda da wannan ba. Babban kamfani katan-katan yake sayarwa, matar da jarinta adashi ne kuwa rabin kilo take nema. Yawancin kakin nan da rininsa daga ƙasashen waje ake shigo da su, kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 sai saye da yawa ya ƙara fin ƙarfin talaka. Ƙaramar 'yar kasuwa ita ce take saro buhu ta rarraba mana daidai aljihunmu, ita ce kuma za ki kira da daddare ta ɗauki waya. In muka guje ta, sana'ar ta zama ta masu hali kaɗai.

Amma akwai hakkin da yake kanta. Na farko, ta rubuta sunan abin da take sayarwa a jikin leda ko kwalba. Na san abin da ya sa wasu suke ɓare takardar kamfani, suna tsoron kada mai saye ta gano inda suke sari ta tsallake su. Wannan tsoro bai kai a jefa dukiyar mutane cikin haɗari ba, kuma mai sayen rabin kilo ba za ta iya tsallake kowa ba. Na biyu, in kakin gauraye ne da na man fetur, ta faɗa. Gaurayen ba laifi ba ne, har ma ya fi karɓar launi, laifin shi ne a sayar da shi da sunan zalla. Na uku, in ta canza kamfanin da take sari, ta sanar, domin jan wannan kamfani ba lalle ya zama jan wancan ba, kuma matar da ta ɗauki aikin kyandir 50 iri ɗaya tana iya ƙarewa da launi biyu. Na huɗu, ta san lagwaninta. A 2003 Amurka ta hana lagwani mai wayar dalma a ciki, saboda hayaƙinsa guba ne, musamman ga yara. In kika ga waya cikin lagwani, ki goga ta a farar takarda, in ta bar zane kamar na fensir to dalma ce, ki yar. Lagwanin zaren auduga ya fi kwanciyar hankali.

Mu ma masu saye akwai namu hakkin. Ki fara da kaɗan, ki gwada, sa'an nan ki sayi mai yawa, kuma in aiki babba ne ki sayi rinin da zai ishe ki a lokaci ɗaya. Ki karɓi rasit, ko ki sa ta rubuto miki sunan kaya da nauyi da kuɗi a waya kafin ki biya. In ta ba ki bashi, ki biya ranar da kika ce, domin ita ma jarinta bai taka kara ya karya ba. In matsala ta auku, ki fara zuwa wurinta da kyandir ɗin a hannu, ki gaya mata nawa kika sa, a wane zafi, da wane lagwani. Kada ki fara da yaɗa ta a gidan biki. Ita wadda ta sayar mini da jan garin nan, da na je mata da lalama, ta mayar mini da kuɗin rinin, ta daina kiransa rinin kyandir, kuma har gobe wurinta nake sayen kofuna. Wadda kuwa kika kai wa kuka ta ce hannunki ne ba kyau, ba tare da ta duba ba, to, ki sauya wuri, kasuwa da faɗi take. Kuma araha dai ba ta ado.

Ku kuma 'yan makaranta, wannan sana'a ta dace da ku a lokacin hutu, amma da izinin iyaye, kuma da babba a kusa. Ku sami littafi guda ku riƙa rubuta kowane gwaji: ranar da aka yi, nauyin kaki, ɗigon rini nawa, wane lagwani, da yadda ya ci. Lissafi da kimiyyar da kuke gunaguni a kansu a aji, a nan za ku ga ranarsu. Ku taimaki iyayenku mata da karanta abin da aka rubuta a jikin kwalabe, domin sau da yawa amsar tana nan a rubuce, babu dai wanda ya duba.

Daga ƙarshe, kada ado ya sa mu manta cewa kyandir wuta ce. Kada a cusa busassun furanni a samansa, suna kamawa. A rage tsawon lagwani zuwa wajen rabin santimita kafin a kunna, kada a bar shi yana ci fiye da awa huɗu a jere, kada a ajiye shi kusa da labule ko gidan sauro ko inda hannun yaro zai kai, kada kuma a yi barci a bar shi. In kaki ya kama wuta a tukunya, a kashe murhu a rufe da murfi, kada a watsa ruwa, ruwa ƙara tayar da ita yake yi. Duk wadda za ta sayar da kyandir, ya kamata ta rubuta wannan gargaɗi a 'yar takarda ta manna a ƙarƙashin kofi.

Allah ya sa albarka cikin sana'o'inmu, ya haɗa mu da abokan ciniki masu amana, mu ma ya ba mu ikon riƙe tamu. Sai wani mako in Allah ya kai mu.