Gidauniyar Kamfanin Taba: Taimako Ne Ko Toshiyar Baki?

'Yan uwa, manyan kamfanoni sun daɗe da gano wata hanyar wanke kansu, wai ita gidauniya. Kamfani zai kwashi riba daga aljihun talaka, sai ya tsakuro ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ya zuba a wani asusu mai ofishinsa daban, ya ce na taimakon al'umma ne. Daga nan sai a yi shela ga ƙungiyoyin manoma da na matasa: ku kawo takardar rajista, ku buɗe asusun banki, ku rubuto buƙatunku. In an ba ku, to sai an ɗauki hoto, an kafa allo mai sunan mai kyautar, kun aika da rahoton godiya.

Mu ɗauki misalin kamfanin taba na British American Tobacco. A 2001 ya ƙulla yarjejeniya da gwamnatin Obasanjo ta zuba dala miliyan 150. A 2002 ya kafa gidauniyarsa, a 2003 aka buɗe katafariyar masana'antarsa a Ibadan. Ku dubi jerin shekarun nan da kyau. Gidauniyar da masana'antar tagwaye ne, ciki ɗaya ya haife su. Ita tana raba iri da taki tana haƙa rijiyoyin burtsatse, ita kuwa 'yar uwarta tana fitar da abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kashe sama da mutum miliyan 7 duk shekara a duniya.

Ba mu kaɗai muka ga ɓarnar ba. A 2007 gwamnatocin Kano da Legas da Gombe sun maka kamfanonin taba a kotu, suna zarginsu da jan yara zuwa ga shan sigari. A watan Disambar 2023 hukumar kare masu sayayya ta tarayya ta sanar da tarar dala miliyan 110 a kan wannan kamfani. Dokar taba ta 2015 kuwa ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da ita kara-kara. To, ɗan uwa, ka tsaya gaban mai tebur a tashar Zuru ka ga ko dokar ta taɓa zuwa nan!

Wani zai ce, ai Manga muna da buƙata, ruwa wahala, taki ya gagari talaka, in aka miƙo mana me zai sa mu ƙi? Gaskiya ne akwai buƙata, kuma alhakinta na wuyan mahukuntan da suka bar mu haka. Amma ranar da ƙungiyarku ta karɓi wannan kuɗi, wane ne cikinku zai sake miƙewa a taro ya ce sigari na kashe ƙannenmu? Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Abin da suka saya ke nan, kuma da araha. Rijiya ɗaya, shirun gari guda.

Abin takaici, ƙasar Zuru ba baƙuwar aikin haɗin gwiwa ba ce. Nan ne samari suke shekaru suna noman golmo tare, nan ne ake gayya a nome gonar mutum cikin yini. Ga kuma zakkar hatsi, buhu ɗaya cikin goma ga noman damina idan ya kai nisabi, wadda da yawanmu suka yi watsi da ita. Da za a tara dawa da gero na zakkar Manga a rumbu ɗaya ƙarƙashin amintattu, da mabuƙatanmu ba su jira kowa ba. Rijiya kuma mu yi karo-karo bayan girbi mu haƙa abinmu.

Saboda haka duk ɗan uwan da yake cikin shugabannin wata ƙungiya, kada ya yarda a sa hannu kan takardar wata gidauniya a ɗakin sakatare. A kawo ta gaban taro, a karanta ta da Hausa, a faɗi sunan kamfanin da ke bayanta da abin da yake sayarwa.